IN GOBARA CE, YAYA ZA KA FAƊA?

Ya mai karatu, bari mu fara da misali. A ce tsakar dare ne a lokacin ɗari, iskar hunturu tana busowa, kowa ya shige ɗaka ya ja bargo. Ka fito domin ka duba awakinka, sai ka hangi wuta ta kama dangar maƙwabcinka, har ta soma lasar rumbunsa. Hatsin da ya sha wahalar nomawa damina guda yana ciki. Shi kuwa yana barci, da shi da matarsa da 'ya'yansa.

Yaya za ka yi? Za ka je ƙofar gidansa a hankali, ka yi sallama, ka jira a amsa, ka tambayi lafiyar iyali da gajiya, sa'an nan ka ce, "Malam, in ba damuwa, ina jin kamar akwai 'yar wuta a bayan gidanka"? Ko kusa. Za ka kurma ihu, ka bubbuga ƙyaure, ka kira shi da sunansa har ya zabura. Ba wanda ya koya maka wannan a makaranta. Abin da idonka ya gani shi ne ya hau muryarka.

To, a ce da sanyin nan ka faɗa masa. Kowace kalma da ta fito daga bakinka gaskiya ce, ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Maƙwabcin ya ji muryarka ba tashin hankali a ciki, ya ce a ransa, "Ai da gari ya waye ma duba," ya juya ya koma barci. Da safe rumbu ya zama toka. Laifin wane ne? Za ka iya wanke hannunka ka ce, "Ni dai na faɗa masa"?

Tambayar wannan 'yar takarda ke nan. Mutum ya faɗi gaskiya kawai ya isa, ko kuwa akwai alhaki a wuyansa game da yadda ya faɗe ta? Tambayar ta shafe ka, ko kai mai wa'azi ne, ko malamin makaranta, ko malamin asibiti, ko mai unguwa, ko uba a tsakar gidansa, ko uwa a taron mata. Wata rana za a ce kai ne za ka miƙe ka yi magana.

Labarin zuciya a tambayi fuska

A birnin Atina ta ƙasar Girka an yi wani mutum mai suna Dimostanis. An haife shi a shekara ta 384 kafin haihuwar Almasihu, ya mutu a 322. Mutanen dā sun shaida ba a yi mai iya magana kamarsa a ƙasarsu ba. Wani marubuci mai suna Fulutak, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labari cewa wata rana wani mutum ya zo wurinsa yana so ya tsaya masa a shari'a, domin wani ya yi masa dūka. Mutumin ya ba da labarin a sanyaye, kamar mai lissafin kuɗin cefane. Dimostanis ya dube shi, ya ce shi bai ga alamar an taɓa shi ba. Sai mutumin ya harzuƙa, ya ɗaga murya, yana tambaya yaya za a ce ba a dūke shi ba. Nan Dimostanis ya ce, yanzu kam ya ji muryar wanda aka zalunta.

Ka lura, labarin bai sāke ba. Na farko da na biyu duk abu ɗaya ne. Amma a karo na biyu ne mai labarin ya shiga cikin labarinsa.

Haka aka halicci ɗan adam. Sa'ad da ka ke magana, mai sauraronka yana jin abu biyu a lokaci guda. Kunnensa yana jin kalmominka, zuciyarsa kuwa tana tambaya, "Shi kansa ya yarda da abin da ya ke faɗi? Abin ya dame shi?" Amsar wannan a fuskarka ya ke nemanta, da muryarka, da yadda ka tsaya. In bakinka ya ce al'amarin babba ne, amma muryarka ta ce ƙarami ne, muryar za a gaskata. Saboda haka mai faɗin babbar gaskiya da sanyin jiki ya ba da shaida biyu masu saɓa wa juna, ta biyun kuwa ƙarya ce.

Ka tuna da malamin asibiti da aka aika ƙauye domin ya gaya wa mata su kawo 'ya'yansu a yi musu rigakafin ƙyanda. Wani ya kan zo ya buɗe takarda, ya karanta abin da aka rubuta masa a ofis, idonsa a kan agogo, gama yana so ya koma gari kafin rana ta yi zafi. Wani kuwa ya taɓa riƙe yaron da ƙyanda ta makantar, ya ga uwar tana kuka. Magana ɗaya aka ba su, amma kai ma ka san wanda mata za su bi. Yaran da aka bari a gida saboda sanyin na farko, wa zai amsa tambaya a kansu?

Mutumin da ya ƙi yin sanyi

A ranar 12 ga Mayu 1789 wani ɗan majalisar Ingila mai suna Wiliyam Wilbafos ya miƙe a majalisa domin ya yi magana a kan cinikin bayi. Mutum ne ɗan ƙarami, ga yawan laulayi, shekarunsa 29. A zamanin nan jiragen ruwan Ingila suna kwasar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma, suna ƙetare teku da su, ana sayar da su a gonakin rake. Manyan attajirai suna cin riba, waɗansu 'yan majalisa ma suna da hannu a ciki.

Wilbafos bai zo hannu wofi ba. Abokin aikinsa Tomas Kilakson ya riga ya zaga tashoshin jirage na Biristol da Libaful tun 1787, ya yi ta tambayar ma'aikatan jirgi abin da suka gani, har ya sayo mari da sarƙoƙin da a ke ɗaure mutane da su domin a gani da ido. Da wannan shaida Wilbafos ya yi magana fiye da sa'a 3. Ya kwatanta yadda a ke jera mutane a cikin jirgi kamar kayan sayarwa, da yawan waɗanda su ke mutuwa a hanya. Waɗanda suka ji shi sun yaba ƙwarai.

Amma majalisa ba ta hana cinikin ba. A 1791 aka jefa ƙuri'a, mutum 163 suka ƙi, 88 kaɗai suka goyi bayansa. Ya sāke kawo maganar, aka sāke kayar da shi, shekara bayan shekara. Sai a 1807, watau bayan shekara 18, majalisa ta yarda da ƙuri'a 283, masu ƙi 16. Dokar 'yanta bayin da ke ƙasashen da Ingila ke mulki kuwa sai a 1833, shekarar da Wilbafos ya mutu.

Ka ga abu biyu a nan. Wutarsa tana da itace a ƙarƙashinta, watau shaida tabbatacciya. Ba ta kuma mutu ba sa'ad da aka zuba mata ruwa. Da wutar baki ce kawai, da tun ƙuri'ar 1791 ta zama toka.

Wutar da ke dafa tuwo ita ke cin gari

Watakila za ka ce, "Tsaya tukuna. Mai tallan magani a kasuwar Maraɗi ma da wuta ya ke magana. Yana rantsuwa, yana gumi, wai garin maganinsa yana warkar da ciwo arba'in. Ashe ba masu zafin baki ne su ke yaudarar mutane ba? Ba gara mai sanyi ba, ko ba kome ya bar ni in yi tunani?"

Maganarka tana da nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Hitila ya hau mulkin Jamus a 1933, bakinsa yana cikin manyan abubuwan da suka kai shi. Har gwada motsin hannu da fuska ya kan yi a gaban mai ɗaukar hoto, ya duba hotunan, ya zaɓi wanda zai fi kama mutane. Dubban mutane suka yi ta yi masa kirari. Ƙarshen abin shi ne yaƙin 1939 zuwa 1945, da kisan Yahudawa miliyan 6.

A nahiyarmu ma an gani. A ƙasar Ruwanda an buɗe wani gidan rediyo mai suna RTLM a 1993. Masu magana a ciki suna da kuzari da barkwanci, ga kiɗa mai daɗi, samari suka so shi. Da kisa ya ɓarke a watan Afrilu 1994, masu maganar nan suka riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, suna faɗin sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. Cikin kwana wajen 100 aka kashe mutum fiye da 500,000. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta kama waɗansu shugabannin gidan rediyon da laifi. Alƙalan sun gane baki yana iya kisa kamar adda. Kakanninmu sun riga su faɗi, baki shi ke yanka wuya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuyar ganewa, watau mutumin kirki mai wuta wanda ya makance a wani gefe. Joj Witfil mai wa'azi ne daga Ingila, ya isa Filadalfiya ta Amurka a 1739. Benjamin Faranklin, mai buga littattafai, mutum mai son bin diddigi, ya je ya saurare shi, ya yi ta ja da baya yana auna inda murya ta ke kaiwa, ya lissafta mutum fiye da 30,000 za su iya jinsa a fili. Witfil yana tara kuɗi domin gidan marayu a Jojiya. Faranklin bai yarda da wurin da aka zaɓa ba, ya ƙudura ba zai ba da ko anini ba. Ana cikin wa'azi ya ce to, zai ba da 'yan kuɗin tagulla. Aka ci gaba, ya ce zai ƙara da na azurfa. Kafin a gama ya juye aljihunsa duka, har da zinariya. Shi da kansa ya ba da labarin, ya kuma shaida Witfil mai gaskiya ne a kan kuɗi.

Amma Witfil ɗin nan, mai kuka saboda marayu, yana cikin waɗanda suka matsa a halatta bauta a Jojiya, aka kuwa halatta ta a 1751. Bayi ne suka yi aiki a gonar gidan marayun. Hawayensa na gaske ne, kuskurensa ma na gaske ne. Saboda haka kada ka ce, "Tun da ya ke yana magana da dukan zuciyarsa, lalle yana da gaskiya." Zafin magana yana shaida mutum ya yarda da abin da ya ke faɗi. Ko abin daidai ne, wannan wata tambaya ce dabam, sai an auna.

To, me za mu yi? Mu bar wuta ke nan? Ba wanda ya daina dafa tuwo domin an taɓa yin gobara a garinsu. Murhu a ke yi wa wuta. In masu gaskiya duka suka yi sanyi, ba a rabu da masu zafin baki ba, sai dai an bar musu dandali su kaɗai. Sanyin mai gaskiya gudummawa ce ga maƙaryaci.

Yadda za ka gane wuta mai kyau

Littafin Ayyukan Manzanni, sura 18, ya ba da labarin wani Bayahude mutumin Iskandariya mai suna Afolos. Ya zo Afisa, ga iya magana, ga sanin Littattafai, ga himma. Amma saninsa bai cika ba. Wata mace mai suna Biriskilla da mijinta Akila, masu sana'ar ɗinkin tanti, suka ji shi. Ba su kunyata shi a gaban jama'a ba, ba su kuma ce ya rage zafi ba. Suka ja shi gefe, suka cika masa abin da ya rage. Babban mai magana ya zauna ya koya a wurin masu aikin hannu, ya tashi ya fi dā amfani.

Daga nan za mu sami ma'auni. In ka ji mutum yana magana da wuta, ko kuwa kai ne mai maganar, yi waɗannan tambayoyi.

1. Yana karɓar gyara? Wanda gaskiya ce ta dame shi ya kan yi murna in an nuna masa kuskure. Wanda sunansa ne ya dame shi ya kan husata.

2. Ina ya ke kai mutane? In sun watse daga wurinsa suna neman wanda za su taimaka, alama ce mai kyau. In sun watse suna neman wanda za su jefa, ka gudu.

3. Yana barin ka ka auna? Mai gaskiya ya kan ce, "Je ka duba da kanka." Mayaudari ya kan ce, "Yanzu-yanzu, kada ka tambayi kowa."

4. Me abin ya ci masa? Dubi zamansa bayan taro ya watse. Wanda ya ke kuka a kan matalauta a dandali, amma bai san ƙofar gwauruwar da ke unguwarsu ba, wasan kwaikwayo ya ke yi.

"Ni ba ni da baki"

Watakila kai mai kunya ne, muryarka ƙarama ce, gwiwarka ta kan yi rawa in ka ga taro. Kada ka karai. Wutar da mu ke magana a kai dabam ta ke da ihu, dabam kuma da zafin rai. Kunna wa kara wuta ka gani: zai tashi bal-bal, kowa ya waiwayo, kafin ka ɗora tukunya ya mutu. Je maƙera kuma ka dubi gawayin ƙirya. Ba shi da harshe mai tsawo, ba ya ƙara, amma shi ne ke sa ƙarfe ya yi laushi har a ƙera garma.

Musa ya kawo ƙarar nauyin bakinsa sa'ad da aka aike shi wurin Fir'auna, duk da haka ya tafi. Bulus ma, waɗansu a Koranti sun rena shi, suna cewa wasiƙunsa ne masu ƙarfi, amma in ya zo da kansa maganarsa ba wani abu ba ce. Bulus ɗin nan ne ya tuna wa dattawan Afisa shekara 3 da ya yi yana yi musu gargaɗi dare da rana har da hawaye. Kai ma ka san tsohuwar da in ta yi maka magana ƙasa-ƙasa, kalma biyar, sai ka kwana kana juyi. Ba ta ɗaga murya ba, amma ka san daga ina maganar ta fito.

Ina a ke samo wutar?

Ba a aronta. Wanda ya kwaikwayi muryar wani shahararren mai magana, da yadda ya ke kaɗa hannu, ya zama kamar mai zana wuta a bango: ga kama, ba ɗumi. Ga hanyar da ta fi.

Je ka gani da idonka. Gani ya kori ji. In za ka yi magana a kan ruwan sha, je bakin rijiya da asuba ka ga matan da ke jan guga gaba ashirin. In a kan shaye-shaye ne, zauna da uwar da ɗanta ya lalace.

San abin da za ka faɗa sarai. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ranar 28 ga Agusta 1963 Martin Luta Kin ya tsaya a birnin Washinton a gaban mutum wajen 250,000, yana neman a daina wulakanta baƙar fata a Amurka. Ya fara da karanta abin da ya rubuta. Can wajen ƙarshe ya bar takardar, ya shiga faɗin mafarkin da ya ke yi wa ƙasarsa, wannan sashe ne kuwa duniya ta riƙe. Kada ka ce daga sama abin ya faɗo masa. Ya riga ya yi irin maganar nan a birnin Ditiroyit a watan Yuni na shekarar, ya yi shekaru yana faɗinta, an ɗaure shi a kanta, an jefa bom a gidansa a 1956, a kanta kuma aka harbe shi a 1968. Wanda ya cika rumbu ne ya ke iya ɗiba ba tare da awo ba.

Ƙaunaci waɗanda ke gabanka. Kafin ka buɗe baki, dubi fuskokinsu, ka tuna kowannensu yana da nasa kaya a kā. Mutane su kan jure magana mai zafi daga wanda suka tabbata yana ƙaunarsu, amma ko zuma ce a bakin mai rena su, ba za su lasa ba.

In kuwa ka bincika zuciyarka ka tarar abin bai dame ka ba ko kaɗan, kada ka ƙago kuka. Yi shiru tukuna, ka koma ka nemi dalilin sanyinka. Magana zarar bunu ce, hawayen ƙarya kuma ba ya daɗewa a ɓoye.

Kai fa?

Ya mai karatu, an ba ka baki, an kuma ba ka waɗansu mutane masu jin maganarka, ko da 'ya'yanka ne kaɗai. Akwai abin da ka sani wanda in sun ji shi da kyau zai tsame su daga wahala. Yaya ka ke faɗa musu? Sau nawa ka faɗi abu mai nauyi kamar mai karanta takardar haraji, sa'an nan ka koma gida ka ce mutanen yanzu ba su jin magana? Sau nawa kuma ka yi zafi a kan abin da bai kai ya kawo ba, domin kawai a ce ka iya?

Ka tuna da maƙwabcin nan mai barci. Bai roƙe ka ka iya magana ba. Bukatarsa ita ce ya ji a muryarka cewa da gaske ka ke, tun wuta ba ta kai ɗakin yara ba. Allah ya ba mu gaskiyar da za mu faɗa, ya kuma ba mu zuciyar da za ta ɗauke ta har ta isa inda aka aike ta.